Ba Lalacewa Ta Yi Ba, Haka Garba Ya Bar Ta

Bana shekara ashirin ke nan da aka kai ƙanena Garba makwancinsa a Zandam. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na san abin da aka saba rubutawa a irin wannan waiwaye: mamaci mai haƙuri ne, mai zumunci ne, ba ya ƙetare maganar manya. Garba yana da zumunci, wannan kam na shaida. Haƙuri kuwa da jin magana, kada in yi wa kabari ƙarya, ba su cikin kayansa. Kuma ba yabo ne ya zaunar da ni da biro ba. Haushi ne. Ɗansa Sadiku, wanda na goya tun yana shekara huɗu, ya ɗauki abu ɗaya tilo da ubansa ya bari mai ɗauke da sawun hannunsa, ya kai wa mai gyara a Kano don a gyara abin da bai lalace ba.

Bari in faro daga tushe, don na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su san Garba ba.

Lokacin da aka yanke mu daga Kano aka ce mun zama Jigawa, Garba yana walda a bakin tashar Birnin Kudu, ni kuma ina gidan aurena a cikin gari. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane irin zumuɗin da aka yi ba. Kowane mako da walima. Wannan an ƙara masa girma, wancan an mai da shi Dutse, wani ya dawo gida da kujerar da ko a mafarki bai taɓa hawa ba a Kano. Duk walima kuwa tana son kiɗa. Sai wasu ma'aikatan asibiti suka haɗa 'yar ƙungiyar kiɗan zamani, shugabansu Malam Yohanna, wani ma'aikacin jinya mutumin Filato, wanda ya koyi kiɗa a cocinsu. Ƙafar lasifikarsu ce ta karye suka kawo wa Garba walda. Ya liƙe ƙafar, ya bi su don ya ga ko ta zauna, daga nan bai ƙara dawowa daidai ba. Aka yi ta surutu a dangi, wai ɗan Musulmi yana bin masu coci yana kiɗa. Na ce da su uban da ya haife mu ma da gurminsa aka san shi a gayya, kowa ya ja bakinsa ya tsuke.

Abin da aka ba shi ya riƙe shi ne bes. Ga wanda bai sani ba, babbar jita ce mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri. Ba ta da zaƙin murya, gurnani take yi, a ƙirji kake jin ta kafin kunne. A jikin wuyan nan akwai 'yan siraran ƙarafa a gicciye, jere tun daga kai har gindi kamar matakalar bene. Masu sana'ar suna ce musu firet. Idan ka danne tsirkiya, a kan ƙarfen take tsayawa, ba a kan yatsanka ba. Ko yatsan ya ɗan goce gaba ko baya, muryar da za ta fito ɗaya ce, ƙarfen ya riga ya yanke hukunci. Shi ya sa ba ta wuyar koyo. Kafin kaka ta zagayo Garba ya iya duk abin da Malam Yohanna ya koya masa, har yana ƙari.

Fitinar daga ɗakina ta tashi. Innarmu, Allah ya jiƙanta, 'yar Fagam ce, kuma tana da wata waƙar niƙa da ta ƙaga wa wanta da ya tafi ci-rani bai dawo ba. A ƙarshen kowane baiti akwai inda muryarta ke karyewa ta gangaro a hankali, ta tsaya a wani wuri da ba sama ba ba ƙasa ba, ta ɗan yi rawa a nan, sannan ta sauka. Wurin nan shi ne waƙar. In ka cire shi, saura surutu ne. Ni na gaji waƙar, ina yin ta in ina tankaɗe. Wata rana da la'asar Garba ya zo cin tuwo da jitar a kafaɗa, ya ji ina yi, ya zauna bakin ƙofa ya ce zai bi ni. Ya bi ni lafiya har muka iso wurin karyewar. Ya danna nan, ta yi sama da ni. Ya danna ƙarfe na gaba, ta yi ƙasa da ni. Ya koma, ya dawo, ya koma. Ni ina tsakiya, jitar ba ta da tsakiya.

Ya ce, “Yaya, ke ce ba kya tsayawa daidai.”

Na ce, “Uwar da ta haife ka ce ba ta tsayawa daidai, mara kunya. Gurmin Baba ya taɓa kasa bin ta?”

Ya ƙura wa wuyan jitar ido. Na san kallon nan tun yana yaro. Da shi ya kalli rediyon Baba kafin ya farke ta ya ga masu magana a ciki.

Washegari ya sa filaya ya zare ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya kwaɓa garin katako da gam ya cike ramukan, ya goge da samfefa har wuyan ya yi sumul kamar muciya. Abin da ya manta, ko ya yi kamar ya manta, shi ne jitar ba tasa ba ce. Ta Malam Yohanna ce, daga Jos ya zo da ita. Ban taɓa ganin mutumin nan ya ɗaga murya ba sai ran nan. Har gida ya zo ya same ni, hularsa a hannu.

“Hajiya, ki yi mini shari'a da ƙanenki. Na ba shi doki da linzami, ya cire linzamin ya jefar, wai dokin zai fi jin daɗi!”

Garba daga bayansa ya ce, “Ban jefar ba, Malam, suna cikin gwangwani.”

Ban je Makka ba a lokacin, amma duk ran da Malam Yohanna yake neman in goya masa baya Hajiya nake. Na goya masa kuwa. Na wanke Garba tas, na ce ko allura ce ta mutane ba ka da ikon tanƙwara ta. Amma da ya karɓi jitar ya ja yatsa a kan tsirkiya tun daga sama har ƙasa, na ji abin da ban taɓa ji ba, sai na ga faɗan nawa yana neman ya tsere mini.

Ga bambancin, yadda kunnena ya ji shi, don ni ba makaɗiya ba ce. Mai ƙarafa muryarta a tsaye take, garau, kowane bugu da bakinsa kamar an sare kara da adda. Tana da wani ɗan ƙyas-ƙyas na ƙarfe ya taɓa ƙarfe, kuma daga murya zuwa murya tsalle take yi, ɗan, ɗan, ɗan, kamar mai hawa bene. Marar ƙarafa kuwa tsirkiyar tana kwanciya ne tsakanin tsokar yatsa da katako, don haka muryar ba ta fita da kaifi. A hankali take buɗewa, ta kumbura bayan an buga, kamar saniya ta kira ɗanta daga nesa, ko namiji mai kauri yana magana baki rufe. Ba ta tsalle, gangarawa take. Duk abin da ke tsakanin murya biyu nata ne. In ka girgiza yatsa ta yi makyarkyata kamar mai shirin kuka.

Kada a ce na yi son kai. Malam Yohanna yana da gaskiyarsa, kuma har Garba ya mutu bai janye ta ba. Ya ce a filin taro, ga janareta na ruri, ga ganguna, ga yara na ihu, mai ƙarafa ce ke ratsa hayaniya ta riƙe masu rawa. Marar ƙarafa nutsewa take, ta zama kamar ana magana cikin tulu. Ya ce kuma mai ƙarafa tana rufa wa makaɗi asiri, ita kuwa wannan tona shi take, yatsa ya goce da faɗin ƙwayar gero kowa ya ji. Haka ne. Mun ji kuwa. Damina guda cur Garba ya yi yana fitar da wani irin sauti kamar akuyar da ta ci rogo. Matarsa ta kai ƙara wurina, maƙwabta suka kai ƙara wurin mai unguwa. A shekarar ne ni ma na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, bayan na yaye autana. Shi ke kai ni a babur. Ya leƙa littafina ya ga yadda malama ta ja mini kunne don baƙaƙena sun ƙi zama kan layi, ya ce, “Yaya, ke ana koya miki bin layi, ni ina koyon barinsa. Mu ga wanda zai riga.” Na riga shi. Amma ya iso.

Ranar da na san ya iso, biki ake a Fagam, gidan dangin Inna. An kwaso 'yan kiɗan a bayan a-kori-kura, sun kafa kaya a ƙofar gida, mu mata muna ciki muna fama da tukwane. Suka yi na zamani suka gaji, aka tsaya shan ruwa. Sai Garba shi kaɗai, ba ganga ba mawaƙi, ya ɗauko waƙar Inna. Ina riƙe da muciya na ji ta taho ta kan katanga. Da ya iso wurin karyewar ya gangaro, ya tsaya daidai inda Inna ke tsayawa, ya girgiza. Wata tsohuwa da suka yi 'yammatanci da Inna, idonta ya riga ya tafi, ta ɗaga kai ta ce, “Wane ne wannan yake waƙar Hansai da muryar maza?” Hansai sunan Inna ne. Sai ita da sauran tsofaffin suka karɓi amshi daga cikin gida, shi yana ba su daga waje, katanga a tsakani. Tuwo ya kama a ranar, kuma ba wadda ta yi mini faɗa.

Ciwon hanta ne ya ɗauke shi, bai cika arba'in ba. Bayan sadakar bakwai Malam Yohanna ya zo da jitar a naɗe cikin bargo ya ajiye a gabana. Na ce ai taka ce. Ya ce, “Tawa ce a da. Ya lalata ta ga kowa sai kansa. Tsohon doki sai mai shi.” Ya juya da sauri don kada in ga idonsa. Kaset ɗaya muke da shi na kiɗan Garba, rediyo ta cinye shi tun kafin a yi shekara. Hoto akwai, amma hoto ba ya gurnani. Abin da ya rage shi ne wuyan jitar nan. Tsirkiyar bes tana da kaushi, in ba ƙarfe a ƙarƙashinta katakon take ci. Shekaru na danna wuri ɗaya sun bar 'yan kwarmi-kwarmi da duhun gumi a duk inda yatsunsa suka saba sauka. In ka shafa za ka ji su. Wannan ne rubutun Garba, ba shi da wani. Na naɗe ta da zanen Inna na ɗora kan kwaba, ina sauke ta lokaci-lokaci in kaɗe ƙura.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Titin Gwaram da ya sha karya masa babur ya yi kwalta. Yaran Kangire da ko rediyo ba su da ita a da, yanzu kowa da waƙa a aljihu. Ina jin zai yi murna da wannan, don shi ba maƙiyin sabon abu ba ne, ai sabon abu ne ya raba shi da walda. Amma da zai shiga situdiyon da ɗansa ke aiki a Kano, inda fiyano ɗaya da kwamfuta suke yin ganga su yi jita su yi algaita, ban san ko dariya zai yi ko filaya zai nema ba. Bara Sadiku ya lallaɓe ni na yi masa waƙar Inna a waya, wai zai adana. Da ya dawo ya kunna mini, na ji wata mata mai muryar roba tana tsalle daga bene zuwa bene. Na ce wace ce wannan? Ya ce, “Ke ce, Gwaggo, na'ura ce ta daidaita inda kika kauce.” Inda na kauce! Wurin da Inna ta ajiye kukan ɗan'uwanta, shi na'ura ta gani a matsayin kuskure ta share. Ubansa ya cire ƙarafa daga wuyan jita don ta bi mutum, su sun ɗauki ƙarafan sun dasa a maƙogwaron mutum don ya bi na'ura. Ana cewa in kiɗa ya sauya rawa ma ta sauya. To, ba a ce a sauya ƙafa ba.

Da na yi hankali, da tun ran nan na sa wa ɗakina kwaɗo. Watan jiya na je Gwaram duba jikata da ta haihu. Ina can waya ta yi ƙara, Sadiku ne.

“Gwaggo, albishirinki.”

“Goro.”

“Na ɗauki jitar Baba na kai gyara. Ashe duk firet ɗinta sun zube, shi ya sa ba ta kaɗuwa. Za a sa sababbi, in yi masa waƙar cika shekara ashirin da kayansa.”

Ban san lokacin da na miƙe ba, jaririya na cinyata sai da uwarta ta cafe. Na ce, “Sun zube? Haƙoran kakarka ne da za su zube? Ubanka ne ya cire su da hannunsa!” Ya ce shi bai sani ba, ba wanda ya taɓa faɗa masa. Na ce ka tambaya? Mai baki ba ya ɓata, amma ku 'yan yanzu waya kuke tambaya, ita kuwa waya ba ta san Garba ba. Niyyarsa mai kyau ce, na sani. Rashin sani dai ya fi dare duhu, kuma mai kyakkyawar niyya da guduma a hannu ya fi ɓarawo ɓarna, don shi ba ya sauri, a natse yake yi.

Da sassafe na hau motar Kano, ko gida ban biya ba. Sadiku ya tare ni a tasha, ya durƙusa zai gaishe ni, na ce ajiye gaisuwar, wuce mu je. Shagon mai gyaran wani lungu ne a Sabon Gari, cike da gawarwakin lasifika. Ga jitar Garba a kan benci, an kwance tsirkiyoyinta, zanen Inna a yashe gefe an ɗora masa gwangwanin gam. Mutumin ya fara aiki daga kai. Ya goge katakon wajen fari fat, ya tsaga, ya buga sababbin ƙarafa suna ƙyalli. Sawun yatsun da ke wannan yanki ya tafi, ya zama ƙura a ƙasan shago. Gyaran gangar Auzinawa ke nan da ake faɗa, yau na gan shi da idona. Abin da ya ceci sauran ba hankalin kowa ba ne, ƙarafan ne suka ƙare masa bai kai rabi ba, yana jiran a kawo daga Legas.

Ya ce, “Mama, kwantar da hankalinki, wani maƙeri ne ya yi mata aika-aika, amma za ta dawo sabuwa.”

Na ce, “Maƙerin ƙanena ne. Mai da tsirkiyoyin, kuma ka ɗauke gam ɗinka daga kan zanen uwata.”

A mota na rungume ta har Birnin Kudu, ban yarda an sa a but ba. Sadiku yana gefena. Sai da muka wuce Wudil ya ce a hankali ko a cire sababbin ƙarafan a mai da ita yadda take. Na ce ƙarafa za su ciru, ƙurar da aka share fa, wa zai kwaso? A bar ta haka. Duk ran da ya kalle ta ya tuna.

Da muka isa gida na shimfiɗa ta a tabarma na shafa abin da ya rage. Yawancin kiɗan rawa a wajen kai ake yin sa, wannan ya tafi, kuma ban yafe ba tukuna. Amma waƙar Inna muryar mace ce, a tsakiyar wuya Garba yake bin ta, inda samfefa ba ta kai ba. Har yanzu ana ganin layukan garin katakon da ya cike, inda ƙarafan da suke. Na kama yatsan Sadiku na ɗora a kan wani kwarmi da ya fi kowane zurfi. Na ce duba da kyau, a kan layi yake? Ya sunkuya. Ya ce a'a, tsakanin layi biyu yake. Na ce to da Legas ta yi sauri, ina wannan wurin zai shiga?

Mutum in ya mutu, me yake bari? Shagon waldar Garba yanzu ana sayar da katin waya a ciki. Ƙofofin da ya ƙera sun yi tsatsa an sauya. Malam Yohanna ya yi ritaya ya koma garinsu, tsofaffin Fagam da suka karɓi amshi duk sun bi Inna. Jihar da muka yi wa kiɗa tana jaririya ta girma ta manta masu goyonta. Abin da ya saura na Garba bai fi faɗin ɗan yatsa ba: wani rami a jikin katako, a wurin da masu ƙera jita suka ce babu komai. Shi da kunnena. Kunnen nan kuwa ya haura saba'in, ba zai jira kowa ba.

Shi ya sa na kafa wa Sadiku doka. Duk ƙarshen mako yana zuwa, ya haɗa jitar da 'yar lasifikarsa a tsakar gida, ni ina tankaɗe ina waƙa, shi yana bi. Akuyar da ta ci rogo ta dawo unguwarmu, maƙwabta sun fara gaishe ni da wani irin kallo. Idonsa kullum yana kan layi, ni kuma maficina yana kan ƙeyarsa. Ina ce masa rufe ido, ubanka da kunne ya nemo ta. Asabar da ta wuce, ban sani ba ko gajiya ce ta sa, ya rufe. Muka iso wurin karyewar, yatsan ya gangaro da kansa ya faɗa ramin, ya tsaya, ya girgiza. Rariya ta tsaya a hannuna. Shekara ashirin rabona da jin wannan murya a gidan nan.

Ya buɗe ido ya ce, “Gwaggo, na samu?”

Na ce, “Ina fa ka samu. Sake.”

Ya samu. So nake in ƙara ji.